Takardar da Ta Ƙi Barin Hagu

Akwai wani mutum mai kula da ƙaramin asibiti a bakin kogi. Mutum ne mai son sani, ko ƙwarya ya gani a kife sai ya ɗaga ta. Damuwarsa ɗaya ce: matan ƙetaren kogi sukan manta ranar rigakafin yara, in kuwa damina ta kankama kogi ya cika, babu mai hayewa sai kaka.

Sai ya tafi birni wurin waɗansu matasa masu rubuta manhajar kwamfuta, ya ce su yi masa wadda za ta riƙa aika wa kowace uwa saƙo a waya. Sunan shugabarsu Afiniki.

To, masu wannan sana'a suna da wata al'ada. Sukan yanka aiki gunduwa-gunduwa, su rubuta kowace gunduwa a 'yar takarda, su manna a hagun allo. In an gama ɗaya, a ɓare ta a mai da ita dama. Abin ya burge mutumin ƙwarai. Duk zuwan da ya yi sai ya tarar dama ta ƙara cika: an zaɓi launi, an zana tambarin asibiti, an gyara wurin rubuta suna. Ya ce, "Ina aka kwana, 'yata?" Afiniki ta ƙirga takardu ta ce, "Kashi casa'in cikin ɗari, Baba. Saura ƙiris." Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta ƙirga ta faɗa. Don murna ya sallami mai babur ɗin da yake zaga ƙauyuka yana shelar ranar rigakafi, wai zamani ya zo.

Amma akwai wata takarda can ƙuryar hagu, ta daɗe har ta koɗe, gam ɗinta ya saki an danne ta da ƙusa. Kullum idonsa a kanta. Yakan ce a ransa, "Ikon Allah! Ita wannan me ta yi aka tsane ta?" Sai kunya ta kama bakinsa, kada yara su ce tsoho ya cika shisshigi.

Ana jajibirin rigakafi ya kasa haƙuri. Ya ce, "'Yata, karanta mini waccan."

Ta ce, "Aika saƙo zuwa ƙananan wayoyi, Baba. Mun bar ta ƙarshe ne, tana da ɗan wuya."

"Wuyarta kamar yaya?"

Afiniki ta ciro takardar daga allo. Babu wanda ya taɓa leƙa ta, balle ya san zurfinta. Da suka zauna suka warware ta, ashe nan aikin yake kwance, ya fi duk na dama in an haɗa. Takardu girmansu ɗaya, aiki kuwa ba ɗaya ba. Matan ƙetare kuma ba su da wata waya sai ƙaramar. Mutumin ya sa a nemo mai babur, aka ce ya tafi ƙwadago wani gari.

Da safe ma'aikata suka kawo allura, suka jera benci. Mutumin ya tsaya bakin kogi yana hangen hanya har rana ta take, babu mai goyo ko ɗaya. Kashegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogi ya kawo. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, gama yaran ƙetare za su ci damina ba allura, ga baƙon dauro yana yawo.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana: allon shi ne zuciyarmu, takardun kuwa ayyukanmu ne. Ku masu koyon kwamfuta, ku fara da abin da kuke tsoro, kada ku ce an gama sai wanda aka yi domin shi ya karɓa a hannunsa. Mu sauran ma kada mu yi dariya. Mun iya ƙirga zuwa sujada, da waƙa, da ankon zumunta, mu ce saura ƙiris mu zama tsarkaka. Amma akwai ɗan'uwan da ka ƙi gaisarwa tun bara, ka bar shi ƙarshe don yana da ɗan wuya. Ubangiji ba ya ƙirga takardu, nauyinsu yake aunawa. In an tashi daga sujada yau, kada ka fara zuwa gida. Fara da ƙofar ɗan'uwan nan.