Rumbun Tungar Majema

A wani zamani da ya shuɗe, an yi fari a wata ƙasa har mutane suka cinye irin shukarsu. Da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, Sarki ya tara fadawa ya ce, "Ruwa na tafe, hannun talakawana babu ƙwayar da za a jefa a rami. Ina dabara?"

Aka aika aka kirawo Malam Zailani, shugaban malaman zawiya. Su waɗannan malamai sun keɓe a bayan gari suna karatu da ibada, ƙauyuka na kai musu zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma. Tun kakanni al'adarsu ce su rubuta sunan kowane gari a kundi, su ware wani abu daga zakkarsa su zuba a rumbu mai sunansa, su liƙe saboda baƙar shekara. In za a fasa, sai a kira sunan garin a bainar jama'a, ɗan garin ya amsa, "Mu ne." Rumbun da ba a amsa ba, a raba wa sauran.

Sarki ya ce, "To, a fasa ranar Alhamis." Kowa ya yi murna ban da Waziri Anaruwa.

Ga dalili. Fada ta san Waziri a matsayin ɗan wani shehi na gabas, saboda abin da ya faɗa mata ke nan. Alhali kuwa a Tungar Majema aka yanke cibiyarsa, garin masu jeme fata, inda warin jima ke yi wa baƙo sannu da zuwa tun bai hango danga ba. Da ya hau wazirci sai ya shawo kan Sarki cewa sunayen ƙauyuka sun yi muni, a sake su. Sauran garuruwa suka yi dariya suka ci gaba da kiran abinsu, bai kula ba. Amma garinsu, da ya raɗa wa Annuri, ya sa dogarai suka yi shela cewa duk wanda ya sake furta tsohon suna za a cike masa ramin jima. Mutum ya yi wa ƙasa guda aski don ya ɓoye ƙurjin kansa!

Waziri ya bi Malam har zaure, ya kwantar da murya. "Allah ya gafarta Malam, in an zo kan garin nan, a kira shi Annuri mana. Ai gari ɗaya ne."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka ɗauko dammunan nan a ka sun mutu, sunan da suka faɗa shi aka rubuta. Amana ce. Annuri bai taɓa kawo mana ko zangarniya ba."

Waziri ya aika fatake su sayo iri ko nawa ne, don ya kai garinsu a ɓoye. Suka dawo da jakuna babu kaya, don a shekarar nan zinariya ba ta sayen gero.

Ranar Alhamis aka hallara a filin rumbuna, Sarki na zaune, Waziri a damansa cikin alkyabba. Malam ya buɗe kundi ya fara kira. Wanda ya saurari kiran nan ya ji tarihin ƙasar kaf. Aka kira Kukar Mata, inda kukar ta daɗe da faɗuwa sunan ya tsaya. Aka kira Mashayar Giwa, garin da yau ko jikan maharbi bai taɓa ganin giwa ba. Aka kira Zangon Gwauro, wanda yanzu ya fi ko'ina yawan 'ya'ya, aka kwashe da dariya. Kowanne a amsa, a fasa rumbu, mata su yi guɗa.

Sai Malam ya ce, "Tungar Majema."

Fili ya yi tsit. Waziri ya hango mutanen garinsu can gefe, hannuwansu rine da bagaruwa, a rame kamar kara. A gabansu akwai Kawu Sallau, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya sayar da fatun shekara guda ya tura shi karatu. Tsohon ya dubi dogarai, ya dubi Waziri, ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Ku na gefe, ba ku ake kira ba?"

Kawu Sallau ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mu mutanen Annuri ne. Haka aka ce mana."

Maganar nan ta fi bulala. Kunya ta rufe Waziri har ya ji alkyabbar ta yi masa nauyi, ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Yunwa na cin tsohon, amma ko a nan bai tona masa asiri ba.

Malam ya sake kira, ba a amsa ba. Ya ce, "Saura kira ɗaya, daga nan sai rabo."

Sarki ya juya ya ce, "Waziri, kai ne mai warware mana ƙulli. Uwa ta aje wa ɗanta tuwo, tana kira yana ji, yunwa na cinsa, bai amsa ba. Wa ya ɗaure masa baki?"

Waziri ya tashi. Ya tuɓe alkyabba ya ajiye, ya taka zuwa tsakiyar fili. Malam ya ce, "Tungar Majema."

Waziri ya ce, "Mu ne." Ya ɗaga murya ya maimaita. "Mu ne. Ni Anaruwa ɗan Jatau majemi, ni na ɗaure musu baki."

Fadawa suka shiga kallon juna. Sarki ya ce, "Na daɗe da sani. Ɗan shehi in an miƙa masa littafi, buɗewa yake yi. Kai sai ka fara murza fatar bangon da yatsa. Ban taɓa ƙin majemi ba, da fatarsa ake rufe Alƙur'ani. Abin da na jira in gani shi ne ko za ka bar su da yunwa." Ya yi umarni kowane gari ya koma sunansa, kuma kada Waziri ya sake sa alkyabba sai ya tone da hannunsa duk ramin da aka cike.

Aka fasa rumbu, gero ya zubo. Waziri ya je gaban kawunsa ya tsuguna, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Kawu."

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe," ya ci gaba da ɗura gero a taikin fata, bai dube shi ba. Waziri ya tsaya nan tsugune, hawaye na ɗiga a ƙasa, jama'a na wucewa ta gefensa. Sai da taikin ya cika aka ɗaure bakinsa, tsohon ya gwada ɗagawa ya kasa. Ya daɗe yana kallon ɗan 'yar'uwarsa.

Ya ce, "Anaruwa, tashi ka ɗauka. Ko ka manta hanyar gida?"

Hikayar ta tsaya a nan. Waziri dai ya ɗora taiki a ka, tsoho na gaba yana biye.