Shamuwar Gidan Abarshi

Akwai wata budurwa a Maraɗi, sunanta Loisa, ɗiyar wani kafinta ce Kirista. Ta koyi ɗaukar fim a hannun wani mutum mai suna Ɗanlami. Shekara da shekaru tana bin sa, ita ce ɗaukar jaka, ita ce naɗe waya, bai taɓa barinta ta riƙe kamara da kanta ba.

Wata shekara aka gina ɗan gidan tarihi kusa da tafkin Madarunfa, don baƙi da ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, su riƙa shiga suna kallon tsuntsaye da itatuwan ƙasar nan a jikin allo. Daraktan gidan ya kira Ɗanlami ya ce:

"Fim nake so a kan shamuwa. Yaranmu sun san zaki a tele, amma ba su san abin da shamuwa ke ci ba. A nuna sheƙa, a nuna ƴaƴa. In damina ta wuce ban ga komai ba, mutanen Yamai zan kira."

Shamuwa kuwa sau ɗaya take ƙyanƙyasa a shekara. Wanda ya kuskure ta, sai baɗi.

Ɗanlami ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya ɗauko tsohuwar kamara ya miƙa wa Loisa.

"Ke yi wajen Gabi, ni in yi wajen Safo. In kika dawo hannu rabbana, ki wuce shagon babanki ki riƙa miƙa masa ƙusa. Ni da ke mun gama."

Ta ce, "To, Shef," don haka take kiran ubangidan nata.

Kabu-kabu ya sauke ta a wani ƙauye gaba da Gabi, ƙofar gidan wani dattijo ana kiransa Abarshi. Mutanen gidan addinin kakanninsu suke bi. A tsakar gida akwai wani tsohon gawo, ya fara zubar da ganye kamar yadda gawo ke yi da damina, ga sheƙar shamuwa nan a fili a kan rassansa. Tana shiga, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Abarshi ya dube ta, ya dubi jakar. Ya ce, "Mi kike nema wajen baƙuwata? Tun zamanin kakana shamuwa ke sauka a kan gawon nan. Ita ke kawo mana labarin ruwa. A gidan nan ba a hawa itacen nan, ba a nuna ta da yatsa, balle da wannan abin naki mai ido ɗaya."

"Baba, ba zan taɓa ta ba. Hoto ne kawai."

"Maharbi ma ba da hannu yake taɓa barewa ba."

Da wata ƴar zamanin ce, da nan take za ta murguɗa baki ta hau babur. Loisa kuwa sai ta ce, "To, Baba, in zauna in riƙa kallonta da idona?"

Kafin ya amsa, matarsa Larai ta leƙo daga ɗaki. "Kin iya daka?"

"Kaɗan-kaɗan, Inna."

"Kaɗan-kaɗan ba ya ciyar da gida. Kawo abin nan in tura shi ƙarƙashin gado. Ga taɓarya can."

Haka ta zauna. Ta yi daka har tafin hannunta ya ɗuri ruwa. Da ruwan shuka ya sauka, ta bi bayan masu sungumi tana jefa iri tana rufewa da ƙafa, layinta ya karkace, yaran gida suna ta yi mata dariya. Ranar Lahadi ta zauna gefe ta karanta Littafinta Mai Tsarki, ba wanda ya hana ta. Ranar da suka yanka jan zakara a bakin gona bisa al'adarsu, ta koma gida ta kama tuwo, ba ta ce da kowa komai ba.

Ɗanlami kuwa kullum yana kan waya.

"Madam shamuwa, nawa kika ɗauka?"

"Shef, ban fara ba."

"Ba ki fara ba? Ke hoto na aike ki ko gidan miji na kai ki?"

"Maigidan ne bai yarda ba."

"Wa ya ce ki tambaye shi? Ki bari su tafi gona ki yi aikinki. Ni ga ɗan jirgina mai kamara, ba na roƙon kowa."

Ita dai tana ta kallo. Ta lura Larai na daka a gindin gawo, shamuwa ko motsi ba ta yi. Abarshi na hawa rumbu ya ɗebo hatsi, ba ta kula shi. Amma mai tallan gishiri na yin sallama, sai ta tashi.

Sai ga ƙwai ya fashe. Daga ƙasa ana jin kukan ƴaƴan. A makon nan ne darakta ya buga wa Loisa waya da kansa, ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Ran nan mutanen gida duka suka tafi noma a gona mai nisa. Aka bar ta ita kaɗai saboda ƙaya ta soke ta a diddige. Gari ya yi luf, rana ta yi kyau, ga ƴan kawuna suna leƙowa daga sheƙa. Ta shiga ɗakin Larai ta jawo jakar, ta fiddo kamara, ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Ta tuna shagon babanta da ƙusa. Ta tuna ba kowa a gidan sai kaji.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta koma ta mayar da ita inda take, ta zauna a kan tabarma ta yi kukanta ta share hawaye. Amana ba a gaban mutane ake riƙe ta ba, ku sani.

Ba a jima ba, Kabo, babban ɗan Abarshi, ya dawo daga kasuwar Madarunfa yana huci. Tun daga zaure yake magana.

"Baba, a sallami yarinyar nan yau! Ubangidanta ya yi ɓarna a wani ƙauye wajen Safo. Ya bari mutane sun tafi gona, ya tada wani abu mai ƙugi kamar ƙudan zuma, ya kai shi bakin sheƙa. Iyayen suka watse, shirwa da hankaka suka kwashe ƴaƴan. An kai shi gaban maigari, an kore shi. Yanzu duk ƙauyukan can an ce kada a ƙara ganin mai kamara. Su ɗaya ne da ita!"

Abarshi ya sa aka kira Loisa.

"Ɗiyata, ranar da muka bar ki ke kaɗai, kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Baba. Na fiddo ta, na tsaya a bakin ƙofa, na mayar."

Kabo ya ce, "Wa ya gani?"

"Ba wanda ya gani, Yaya."

Abarshi ya shafa gemu. Ya ce, "Ni ban gani ba, kai ba ka gani ba. Amma akwai wadda ke gida ranar. Kowa ya koma zaure. Ke kuma ki bi ta tsakar gida ke kaɗai, ki je gindin gawo ki yi daka. In kin taɓa tsorata ta, za ta faɗa mana."

Loisa ta fita. Ta ratsa tsakar gida, ta ɗauki taɓarya, ta fara lugude. Shamuwa ba ta tashi ba. Ɗaya ma ta sauko reshe na ƙasa, ta karkata kai ta dube ta, ta juya, ta sake mata kashi fari fat a kan ɗankwali.

Larai ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Shi ke nan, ta karɓe ki! Ni ma haka ta yi mini shekarar da aka kawo ni gidan nan!"

Kabo kansa sai da ya dara. Ya ce, "To, ƴar birni, ki yafe mini. Amma ki wanke kan nan kafin ki taɓa mana fura."

Abarshi ya ɗaga hannu. "Gawo dai ba a hawa, yau da gobe. Amma rumbun can nawa ne. Baƙo ba ya leƙa rumbuna, ke kuwa kin yi shuka, kin ci tuwon gidan nan. Kabo, sa mata tsani."

Bakin rumbun daidai yake da sheƙa. Da safe Loisa ta hau da kamararta, ta zauna shiru kamar mai ɗiban hatsi. Ta ɗauki uwa tana amayo fara a bakin ƴaƴanta. Ta ɗauke ta ta buɗe fikafikai tana yi musu inuwa da tsakar rana. Ta ɗauke ta cikin ruwan sama, ta kwanta a kansu ta jiƙe sharkaf. Ta bi su gona, ta ɗauke su suna tafe bayan masu noma suna tsince fara da tsutsa. Ta tura wa darakta kaɗan ta waya. Amsar da ya ba ta ita ce, "Kada ki sauko daga inda kike sai sun tashi."

Ba ta sauko ba kuwa, sai da ta ɗauki ranar da ƙaramin cikinsu ya tsaya a bakin sheƙa yana rawar jiki, ya yi tsalle, iska ta karɓe shi.

Bayan damina, da aka koma lakwal, aka buɗe gidan tarihi. Ɗaki ya cika da yara da malamai da ma'aikatan gandun daji. Loisa ta sa aka je da mota aka ɗauko Abarshi da Larai da Kabo, aka ba su kujerun gaba. Ɗanlami na can baya kusa da ƙofa, ya ja hula ya rufe goshi.

Aka kunna fim. Da aka zo wurin fara, wani malami ya juya ya ce wa yaransa, "Kun gani? Wannan kuke harbi da ɗanko, ita kuwa geronku take tsaro." Yara suka sunkuyar da kai.

Da aka nuna cikin sheƙa, sai Abarshi ya miƙe tsaye a tsakiyar mutane. Ya cire hularsa. Ya ce da ƙarfi, "Tun ina tsirara nake zaune a ƙarƙashinta, ban taɓa ganin cikin ɗakinta ba. Sannu da aiki, baƙuwata!"

Ɗaki ya ɗauki tafi. Larai ta rangaɗa guɗa.

Nan take darakta ya kira Loisa gaban jama'a ya ce sauran finafinan gidan, na tsuntsayen tafki da na kifi da na dajin kudu, duka ita za ta yi su.

Ana fita, Ɗanlami ya tare ta a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Ina son in koma ƙauyen can in ba su haƙuri, amma ba za su saurare ni ba."

Ta ce, "Sai mu roƙi Baba Abarshi ya raka ka, Shef."

Tsohon na gefe yana ji. Ya ce, "Zan raka shi. Amma ya zo da kwando, an fara roron wake."

Darasi: Sauri ya haifi nawa. In ka shiga gidan mutane, ka bi dokar gidan ko da ba ka fahimce ta ba, ko da addininku ba ɗaya ba ne. Abin da aka hana ka a gaban ido, kada ka ɗauke shi a bayan ido. Wanda ya ƙwata ya tashi a tutar babu, wadda ta jira aka sa mata tsani da hannun masu gida. Ku tura wa ƴaƴanku da ƙannenku wannan labari, musamman masu ganin kamar tambayar izini ɓata lokaci ne.