Zinariyar da Ta Zube a Fada

Masu ruwaya daga tsofaffin littattafai sun ce an yi wani sarki a birnin Zarƙawa, sunansa Nu'umanu, mai son shaɗaranji, wato darar sarakuna, mai kuma saurin kai hannu ga takobi. Ya sa Malam Ɗayyabu mai zayyana ya ƙawata masa littafin wasan, kowane ɗan dara da launin matsayinsa: dakaru da baƙar tawada, sarki da zinariya.

Ran da aka buɗe littafin a fada, sai zinariyar sarkin dara ta ɓare, ta zube kan shimfiɗa kamar dusa.

Sarki ya ce, "Fata yake mini mulkina ya zube. A yanke hannun mai zayyanar!"

Waziri Hambali ya yi wuf ya fito gaba, don Malam surukinsa ne. Ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi wa bawanka izinin labari ɗaya kafin Hauni ya zare wuƙa."

"Gajarta."

"An ce wani sarki yana dara, ya ga dakarunsa sun tare wa dokinsa hanya, ya kwashe su ya zuba a aljihu. Doki ya yi sukuwa son ransa. Can abokin wasansa ya turo dakare guda ya ritsa sarkin, ba mai tare masa."

Sarki ya murtuke fuska. "Me ya haɗa wannan da zinariyata?"

Waziri ya tuna cewa wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zinariya ba ta kama takarda sai an shafa ƙaro a ƙarƙashinta. Masu ɗiban ƙaro kuwa tun bara ka kwashe su suna gina maka ganuwa. Babu ko ƙwaya a kasuwa. Da yauƙin kuɓewa Malam ya liƙa, don tsoron ya ce maka babu."

Hauni na riƙe da hannun tsohon, Sarki na duban shimfiɗa, Waziri na salati a zuci. Da daɗewa Sarki ya ce, "Sake shi. Masu ɗiban ƙaron ma a sake su, su koma dajinsu."

Ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya kuma hana a gyara shafin. Haka 'ya'yansa suka gaje shi, sarkin dara ba ado, don su tuna cewa zinariya ake yabo, amma ƙaron da ba a gani shi ke riƙe da ita.