Kwamfaresar Abdurrahim da Habboba Mariam

Akwai wani ɗalibi ɗan Malumfashi mai suna Abdurrahim, yana zaune da matarsa Hauwa a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira. Digiri na biyu yake yi a fannin Hadisi. Karatu ya yi nisa, saura rubutun kammalawa, sai tallafin da ake ba shi ya ƙare.

To, ku da kuka zauna a Masar kun san ma'anar wannan. Ko ka samu abin yi, ko ka ɗaure kayanka ka koma gida ba takarda.

Abin da ya zamar masa mafita kuwa sai ya ba ku mamaki. Tun zuwansa ya shiga wasan harbin saiti da bindigar iska, irin wadda ba ruwanta da albarushi. Ɗan tulun ƙarfe gare ta, ana matse iska a cikinsa sosai, iskar ce ke tura ɗan dalma. In ta ƙare sai an sake cikawa. Da famfon hannu Abdurrahim yake cika tasa, ya yi ta dannawa har rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Mai koyar da su wani Bamisre ne, Kabtin Isam, yana da ɗan wurin koyar da yara a ƙasan wani bene a unguwar Mohandessin. Da ya ji halin da ɗalibinsa yake ciki, sai ya kira shi gefe.

Ya ce, "Ya Shaikh, masu ginin nan sun hana ni ajiye inji. Ka nemi kwamfaresa, injin matsa iska, daidai ƙarfinka. Duk tsakiyar mako ka kwashi tulunan yara da babban tankin nan, ka dawo min da su cike safiyar Juma'a. Aikin naka ne. Amma fa yara ba sa jira, iyayensu ma haka."

Abdurrahim ya dawo gida bakinsa har kunne. Washegari ya ɗauki abokinsa Lawali, ɗan Gusau, mutumin da bai taɓa ganin abu ya rasa ta cewa ba, suka nufi wani shago a kasuwar Ataba.

Inji biyu ne aljihunsa zai iya ɗauka. Na farko babba ne, ana jona masa bokitin ruwa don ya riƙa sanyaya shi, yana cika tulu kafin ka gama shan shayi. Na biyu ƙarami ne mai fanka, yana tsayawa da kansa in iska ta kai ma'auni, amma ga sanyin jiki. Ya ɗan yi aiki sai ya yi zafi, dole a bar shi ya huta. Mai shagon ya ce ko wanne ya ɗauka, kada ya yi wasa da matatar danshi, don ruwa in ya shiga tulu ta ciki yake cin ƙarfe.

Lawali ya ce, "Ustaz, wai tunanin me kake yi? Mai neman abinci ai ba ya sayen rago. Yalla, maza ɗauki babban mu tafi."

Maganarsa kuma gaskiya ce. Babban suka ɗauka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zuba mai, ya cika bokiti, ya yi bismillah ya kunna. Jama'a, ƙarar injin nan ba a magana! Tat-tat-tat-tat yake yi ba ƙaƙƙautawa, har kofunan Hauwa na rawa a kan tire. Shi ko gogan naka murna yake, yana kallon allurar ma'auni tana hawa.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mahasin ce, maƙwabciyarsu ta hawan ƙasa. Hausawan Sudan ne, yaƙi ya koro su daga Omdurman ita da mahaifiyarta, tsohuwar da kowa a gidan ke kira Habboba Mariam. Mahasin aikatau take yi a Mohandessin, ranar Juma'a kaɗai take wuni a gida. Ba faɗa ya kawo ta ba. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Malam. Tambaya ce kawai. Zai daɗe?"

Ya kashe injin, suka bi ta ƙasa shi da Hauwa. Hauwa ta shiga, shi ya tsaya daga bakin ƙofa. Daga nan ya hango tsohuwar a ƙarƙashin teburin cin abinci. Ta dunƙule, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, tana salati tana kiran wani suna: "Jamal, shigo! Jamal, shigo ciki!"

Mahasin ta ce a hankali, "Ƙanena ne. Burodi ya fita saye ranar da aka fara harbi a layinmu. Bai dawo ba. Tun da muka zo gidan nan ko matakala ba ta taɓa takawa ba."

Wallahi Abdurrahim ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ba da haƙuri, ya hau sama.

Kada ku ce bai nemi dabara ba, ya nema. Ya ɗora injin a kan tsohuwar katifa, ƙarar ta bi bango ta sauka. Ya roƙi mai gadin gidan ya bar shi ya kai shi saman rufi, aka ce mai gida ya hana. Ya yi tunanin kunnawa in tsohuwar ta fita, sai ya tuna ba ta fita.

Lawali ya ce, "Haba ustaz! Haya fa kake biya. Kuma nan Alƙahira ce, garin da hon ɗin mota ba ya hutu. Za ta saba. Kai in ka rasa aikin nan, ita za ta ciyar da kai?"

Abdurrahim ya ce, "Lawali, kai ba ka gan ta a ƙarƙashin teburin nan ba, ni na gani. In na sake kunna shi, da wane bakin zan koma gida in karantar da hadisin maƙwabci?"

Lawali ya taɓe baki ya ce, "To Allah ya ba da lada. Amma lada ba ya cika tulu."

Haka ya ɗauki injin nan da ya ƙwallafa rai a kansa, ya mayar Ataba, ya karɓo ƙaramin. Ya kuma ja kunnen Hauwa kada ta kuskura ta faɗa wa maƙwabtan dalili. Ya ce mutanen da suka rasa gida da ɗa, ba sai an ƙara musu da nauyin jin kunya ba. Ni dai wannan ce ta fi burge ni a duk labarin.

Ƙaramin injin gunji kawai yake yi kamar tsohon firji. Abu ɗaya ne mai firgitarwa, wato in an gama cikawa za a kwance ɗan bawul a saki ragowar iska, sai ta yi fuuus da ƙarfi. Wannan ma sai ya riƙa naɗe wurin da tawul kafin ya kwance.

Tsohuwa ta samu lafiya. Shi kuma wahala ta ce salamu alaikum.

Injin aiki kaɗan, hutu da yawa, kuma dole mutum ya zauna kusa don ya sake kunnawa. Ƙananan tuluna da sauƙi, babban tankin ne ke cinye wuni. Hauwa ita ma ɗaliba ce, ba ta dawowa sai la'asar. Bayan isha kuma ya haramta wa kansa kunnawa. Ya fara fashin ɗakin karatu, malamin da ke duba rubutunsa ya fara ɗaure fuska. Duk da haka Juma'a ta zo tanki bai cika ba. Wata Juma'ar ta sake zuwa, yara suka tsaya cirko-cirko, wani uba ya ja ɗansa suka tafi.

Kabtin Isam ya ce, "Ya Shaikh, ina ƙaunarka, amma khalas, magana ta ƙare. Juma'a mai zuwa in bai cika ba, zan ba wani."

A makon ne Hauwa ta sauka mayar da kwanon da aka aiko musu tuwon asida a ciki. Habboba Mariam ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, injin mijinki lalacewa ya yi? Na daina jin sa. Kuma jiya na ji saukarsa a matakala, tafiyar mai damuwa yake yi."

Hauwa ta ce, "A'a Habboba, lafiya lau."

Tsohuwar ta ce, "Ni na haifi 'ya'ya na aurar. Dube ni ki sake faɗa."

Ina! Hauwa ta kasa. Hawaye suka riga bakinta, ta zayyana mata komai.

Washegari da hantsi Abdurrahim yana zaune gaban inji, littafi a cinya, yana jiran ya huce, sai ya ji ana hawowa matakala a hankali, ana hutawa, ana sake hawowa. Ya buɗe ƙofa. Habboba Mariam ce, ta yafa taub ɗinta, mayafin matan Sudan, hannu ɗaya a bango, ɗayan riƙe da 'yar butar jabana, wato gahawar mutanen ƙasarsu.

Ya ce, "Subhanallah! Habboba, ke ce da kanki? Da kin aiko ai na sauko."

Ta ce, "Matsa min in zauna, ya waladi, ɗana. Kai ne mai ɓoye alheri ko? To Allah ya tona ka. Nuna min abin da kake yi wa wannan ragon."

Ya fara kame-kame, wai ba sai ta wahalar da kanta ba. Ta galla masa harara.

"Wahala? Wuni nake ina kallon bango ina tuna abin da ba ya dawowa. Wannan ce wahala. Kai tashi ka tafi makaranta, karatu aka turo ka."

Da ya ga ba ta da niyyar sauka, sai ya nuna mata. Ga maɓalli. In ya tsaya da kansa ko ya yi zafi, a kashe a bar shi. A taɓa bayansa da hannu, in ya huce a sake dannawa. Bawul ɗin kuwa ya ce kada ta taɓa, in ya dawo zai saki iskar da kansa bayan ta sauka.

Ta danna maɓallin da ɗan yatsa. Injin ya yi gunji, ta runtse ido, ta damƙe carbinta. Can ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe ɗayan, ta ce, "Shi ke nan? Ai mijina Allah ya jiƙansa ya fi wannan minshari."

Tun daga ranar aiki ya koma hannunta. Injin na aiki tana shan jabana, yana hutawa tana jan carbi. Har fifita take masa da mafici, tana masa faɗa wai ya cika son jiki. Abdurrahim ya koma ɗakin karatu.

Safiyar Juma'a ya sauke kaya a Mohandessin. Kabtin Isam ya duba ma'aunin tanki, ya sake dubawa, ya ce, "Tamam, ya cika! Sabon inji ka sayo?"

Ya ce, "A'a Kabtin, sabuwar shugaba na samu."

Lawali da ya zo ya tarar da tsohuwa a gaban inji tana ba da umarni, sai ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ustaz, na janye maganata. Ashe lada yana cika tulu." Ta sa shi ya wanke mata kofunan jabana kafin ya tafi.

Aiki ya zauna, rubutu ya ci gaba har ya kai ga kammalawa. Amma abin da Hauwa ta ce ba za ta taɓa mantawa ba, wata la'asar ce ya faru.

Sun dawo tare ita da mijinta, tanki ya cika. Abdurrahim ya ɗauko tawul kamar kullum, ya ce, "Habboba, bari Hauwa ta raka ki ƙasa, zan saki iskar."

Ta ce, "Ajiye tawul ɗin nan."

"Habboba, da ƙarfi fa take fita."

"Na ce ka ajiye. Ina abin murɗawar?"

Ya dubi Hauwa, Hauwa ta dube shi. Ya nuna mata. Tsohuwar ta ɗora hannu a kan bawul, ta yi bismillah, ta murɗa.

Fuuus!

Ta zabura har taub ɗinta ya zame daga kai. Hauwa ta yi wuf za ta riƙe ta, ta ɗaga mata hannu. Sai ga Habboba Mariam tana dariya, dariya ta gaske, hawaye na bin kumatunta.

Ta ce, "Ya waladi, tun da na bar Omdurman, yau ce rana ta farko da na ji ƙara, na san ni na yi ta. Kawo ɗaya tulun."

Darasi: Abin da ka bari don kada maƙwabcinka ya cutu, ba asara ka yi ba, ko da kowa ya ce maka wawa. Kafin ka zaɓi abin da ya fi maka sauri, tambayi kanka wa zai ji a jikinsa, domin ba ka san ta hannun wa Allah zai rufa maka asiri ba. Ku tura wa maƙwabtanku wannan labari, musamman waɗanda bango ɗaya ya raba ku.