Kufan da Babu Dutsen Niƙa

An yi wani sarki a ƙasar Marake, ana ce masa Nagoma, adali ne idan ya huce, sai dai kunnensa ya fi hankalinsa sauri. A bisa tsaunin da ke bayan garinsa akwai kufan birnin kakanninsa, ganuwa ta zube, birai ne ke sarauta a ciki. Wata rana maroƙa suka zuga shi cewa kakannin mutanen Gindin Dutse, ƙauyen da ke ƙasan tsaunin, su suka buɗe wa abokan gaba ƙofa har birnin ya ci wuta. Nan take ya rantse zai tashi ƙauyen kafin shuka, sai fa in an kawo hujjar da ta wanke su cikin kwana uku.

Waziri ya tara malamai, suka buɗe littattafai suka rufe, ba su sami hujja ba. Ran na uku wani tsoho matalauci, Jatau, mai sassaƙar duwatsun niƙa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi sarki ya hau tsaunin da ƙafarsa.

Suka hau tare da waziri da fadawa, sarki na haki. Jatau ya zaga da shi kango bayan kango, sannan ya tambaye shi ko ya ga dutsen niƙa ko guda. Sarki ya duba, babu.

Jatau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wanda yaƙi ya kora da ɗansa yake gudu, ba da dutsen niƙa ba. Waɗannan a natse suka yi ƙaura. Duwatsun suna Gindin Dutse har yau, ni nake gyara su. Dubi kuma rijiyar birnin: ɗaya ce tak, tana cikin katangar fada."

Kowa ya sha jinin jikinsa, domin tsoho ya taɓa kakan sarki a gaban sarki. Nagoma ya daɗe yana leƙen busasshiyar rijiyar, sannan ya ce, "Ashe ba ƙofa aka buɗe ba, rijiya aka rufe. Allah ya tsare ni da maimaita aikin kakana."

Waziri ya yi ajiyar zuciya har fadawa suka ji. Sarki ya janye hukuncinsa, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Jatau, ya sa a haƙa rijiya a ƙofar fadarsa, ta waje. Matan ƙauyen suka kwance kayan da suka ɗaure, da la'asar aka ji ƙarar niƙa gida gida.

Masu hikima sun ce, adalci ne ganuwar sarki. Wanda ya hana talaka ruwa ya rushe birninsa tun kafin maƙiyi ya ɗaura sirdi.