Ƙoƙon Anaruwa da Ƙaryar "Na Ƙoshi"

In kuna son sanin dalilin da ya sa in kun tarar da mutum yana cin abinci yake ce muku "ku zo mu ci", ku kuma ku ce kun ƙoshi alhali cikinku na kuka, to ku matso ku ji. Kuna jin tsofaffi na cewa duniya ta lalace, wai rediyo ne, wai waya ce. Duk ba su ba ne. Wani masaƙi ne ya ja mana, sunansa Anaruwa.

A zamanin da, garinsu Anaruwa ba ganuwa, ba ƙofa, ba ko kare mai haushi. Kowace unguwa akushi ɗaya gare ta, wani ƙato wanda sai maza biyu sun kama. Mata su tuƙa tuwo su juye, maza su kewaye shi a gindin tsamiya, su ma mata da nasu. Ba wanda ke kwana da yunwa, sai Anaruwa.

Shi dai saƙa ta bar masa yatsu masu laushi, ba sa jure zafi. Hura abinci kuwa abin kunya ne a lokacin. Ga shi Allah ya haɗa shi zama da Jatau maƙeri, wanda ke ɗaukar garwashi da hannu ya kunna wutar maƙera. Da an sauke akushi yana tururi, Jatau zai zura hannu har wuyan hannu. Anaruwa ya taɓa, ya janye, ya tsotsi yatsa. Kafin tuwo ya huce, akushi ya koma fes kamar an wanke. Bawan Allah ya rame, har mazagin wandonsa na zagaye shi sau biyu.

Matarsa Hakama ta ga mijinta zai ƙare a tsaye. Ran nan ta ɗebi tuwo a ɗan ƙoƙo ta miƙa masa.

"Maigida, je ka bayan rumbu ka jira ya huce. Kada ka bari ko kaza ta gan ka."

Ranar Anaruwa ya san ashe haka ƙoshi yake. Har hawaye ya yi don daɗi. Yana cikin suɗe ƙoƙo sai ga inuwa a kansa. Jatau ne.

"Anaruwa! Ci kai kaɗai? Maita ka fara?"

Aka tasa shi gaba har wurin Baba Arzika, dattijon unguwa. Mutane suka taru suna leƙen ƙoƙon, don ba su taɓa ganin kwanon mutum ɗaya ba. Anaruwa ya durƙusa ya baje yatsunsa.

"Baba, dube su. Duk sun yi bororo. Shekara da shekaru ƙamshi kawai nake ci."

Tsohon ya ji tausayi, amma ya ji tsoro kuma. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Riƙe ƙoƙonka, ɗana. Sai dai da sharaɗi. Duk wanda ya gan ka kana ci, dole ka kira shi."

Anaruwa ya yi godiya, bai san an gama da shi ba. Washegari yana ajiye ƙoƙo, sai duk garin ya tuna yana da uzuri a bayan rumbunsa. Wannan ya zo neman akuya, wancan ya zo tambayar ko an ga hularsa, hular kuwa tana kansa. Duk wanda Anaruwa ya kira sai ya tsuguna. Jatau ma loma ɗaya ya yi, ƙoƙo ya tashi.

Da abin ya ishe shi, sai ya bi Jatau har maƙera, ya rage murya.

"Maƙeri, Baba ya ce in kira, amma bai ce dole a amsa ba. In na ce zo mu ci, ka ce ka ƙoshi. Ni kuwa in saƙa maka riga."

"To in ban ƙoshi ba fa?"

"Ka faɗa dai. Baki ne, ba ya jin nauyi."

Wannan ce ƙarya ta farko a garin, kuma ta karɓi Jatau ƙwarai. Da mutane suka ga maƙeri da sabuwar riga, masaƙi kuma ya fara kumatu, kowa ya ce shi ma ƙoƙo yake so. Anaruwa ya bi su gida gida yana koya musu yadda ake kira da yadda ake ƙi, yana jin kansa mai wayo. Aka kife babban akushi, kaji suka mayar da shi wurin kwana.

Daga nan fa abu ya yi ta haihuwa. Mai ƙoƙo ya nemi faifan rufewa. Mai faifai ya ga gara ya kewaye gidansa da zana. Zana ta jawo ƙofa, ƙofa ta jawo sakata. Da aka daina sanin abin da ke tukunyar maƙwabci, sai aka fara zargi, sai sata, sai aka gina ganuwa aka ɗauki masu gadi. Masu gadin nan kuwa, da yake su ke riƙe da sanda, ƙoƙonsu ya fi na kowa girma, kuma ba su taɓa kiran kowa ba.

Ana nan sai aka yi shekarar fari. Mai jin yunwa ba ya sayen zane, don haka rumbun Anaruwa ne ya fara ƙarewa. Hakama ta kankare tukunya har ta huda ta. Da azahar Anaruwa ya fita yana jan ƙafa, yana bin inda hayaƙi ke tashi, har ya iske Jatau a ƙofar gida da tuwo a gabansa.

"A'a, Anaruwa! Zo mu ci."

Anaruwa bai san sanda ya tsuguna ya naɗe hannun riga ba. Sai ya ga Jatau ya janye ƙoƙon a hankali zuwa tsakanin ƙafafunsa, yana kallonsa da mamaki na gaskiya.

"Lafiya, masaƙi? Ai kiranka kawai na yi. Ka manta abin da ake cewa ne? Kai fa ka koya mana."

Anaruwa ya dubi tuwon. Ya dubi mutanen da suka leƙo ta kan zana suna jiran su ga marar kunya. Kunya ta rufe shi. Ya miƙe, ya saki hannun rigarsa.

"Na ƙoshi," in ji shi.

"Madalla," in ji Jatau, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Shi ya sa har gobe muke kira da baki muna kare kwano da hannu, wanda aka kira kuma ya rantse ya ƙoshi ko da tun jiya rabonsa da abinci. Kai mai jar riga, na ga ɗazu ka tura ƙuliƙulinka aljihu da ka hango ƙanenka. Fito da shi.