Jagoran da Ya Karɓe Sandar Baƙo

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin kogi, sunansa Tanimu. Masunci ne, ɗan masunci, jikan masunci, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ya jefa taru sai mutane su tsaya kallo. Amma da shekaru suka yi ta tafiya masunta suka yi yawa, kifi ya ja baya, har ya zama Tanimu yakan wuni a ruwa ya dawo da abin da bai kai miyar kwana biyu ba. Yana da mata da 'ya'ya uku, sai ya fara neman wata hanya.

To, can sama da ƙauyen, inda kogin ya ratsa duwatsu, ruwan yakan kwanta da rani ya yi garau har kana ganin tsakuwar ƙasa. Nan ne waɗansu baƙi suke zuwa daga birane masu nisa domin fatsa, amma irin tasu fatsar daban ce. Sandarsu doguwa ce siririya, kuma ba sa sa tana a ƙugiya. Gashin zabo ko na zakara ake ɗaure wa ƙugiyar da zare, har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Mutum ya shiga ruwa har cinya, ya yi ta kaɗa igiya a iska gaba da baya, sa'an nan ya sauke ta a hankali a kan ruwa. In kifi ya kama, a ja shi, a dube shi, a ɗauki hoto, a mayar da shi kogi. Mutanen ƙauye sukan yi dariya su ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Ni ma da farko haka na ce.

Waɗannan baƙi ba sa shiga kogin sai da jagora, wanda ya san inda kifi yake kwanciya, da inda dutse yake da santsi, da gurbin da kada yake. Jagora ɗaya ne a wannan yanki, wani dattijo mai suna Baba Dogara, gwiwoyinsa kuwa sun fara gajiya da sanyin ruwa. Sai Tanimu ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so ka koya mini wannan aiki."

Baba Dogara ya dube shi ya ce, "Ai ka iya kama kifi."

Tanimu ya ce, "Na iya, Baba."

Dattijon ya ce, "To, zai yi maka wuya. Amma zo gobe."

Rani biyu Tanimu ya yi yana bin bayan Baba Dogara. Ya koyi ɗaurin gashi a ƙugiya, ya koyi juya duwatsun bakin ruwa da safe ya ga irin ƙwarin da suka fito a ranar, domin kifi ba ya kula abin da ba ya gani a kan ruwa a wannan lokaci. Ya koyi yadda ake ƙetarar da mutum mai ƙiba a ruwa mai gudu ba tare da an kunyata shi ba. Har ya koyi cire ƙugiya daga kunnen baƙo, gama hakan ma yakan faru. Kansa na ja, hannunsa kuma da sauri. Kafin rani na biyu ya yi nisa, jifansa ya fi na maigidansa, yakan sauke gashin a daidai inda ya ga dama. Shi ma ya san da haka, kuma abin yana yi masa daɗi.

Da ranin ya kusa ƙarewa, sai Baba Dogara ya kira shi ya ce, "Gobe akwai baƙo, kai za ka kai shi. Ni zan zauna a gaɓa in yi kallo. In ka yi daidai, daga baɗi baƙi naka ne, ni in huta. In ba ka yi ba, sai ka ƙara rani guda a bayana." Sa'an nan ya miƙa hannu ya karɓi sandar Tanimu, ya jingine ta a bangon ɗakinsa. Gama al'adar masu wannan aiki ce, jagora ba ya tafiya da sandar kansa. Koma yake ɗauka, wato ɗan tarun hannu na kwaso kifi, da gorar ruwan sha, shi ke nan.

Tanimu ya koma gida ya gaya wa matarsa, ta yi murna ƙwarai, ta ce Allah ya sa a dace.

Baƙon wani dattijo ne, Malam Habila, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Sandarsa sabuwa ce fil, 'yarsa ce ta saya masa, hannunsa kuma yana ɗan rawa irin ta tsufa. Tun jifan farko Tanimu ya gane ranar za ta yi tsawo. Igiya ta maƙale a reshen ɓaure, Tanimu ya hau ya kwance. Ta sake naɗe wa dattijon ƙafa, ya sunkuya ya warware. In ya ce, "Malam, a hankali," sai Malam ya doka igiyar a ruwa kamar mai korar awaki, kifayen wurin su watse. Duk da haka Tanimu bai ɓata rai ba. Ya yi ta gyara masa tsayuwa, yana nuna masa yadda zai ɗaga gwiwar hannu. Amma tafin hannun Tanimu sai ƙaiƙayin karɓar sandar yake yi.

Akwai wani gurbi a ƙarƙashin wani baƙin dutse, inda wani babban tsage yake kwanciya, kifi mai haƙora da ƙarfin tsiya. Tanimu ya san shi, rani biyu yana ganin inuwarsa. Da rana ta karkata sai ya kai Malam Habila wurin, ya tsayar da shi a inda ƙasa take da yashi, ya ce, "Malam, ka ga inda kumfa take juyawa? Jefa sama da nan kaɗan, ka bar ruwa ya kawo ta."

Ya jefa sau ɗaya, bai kai ba. Ya jefa na biyu, ya wuce. A karo na bakwai, ko ta yaya aka yi, gashin ya sauka lafiya lau, ruwa ya ɗauke shi a hankali ya bi gefen dutsen. Sai ruwan ya tsage, sanda ta lanƙwashe, igiya ta fara gudu tana kuka.

Malam Habila ya yi ihu kamar yaro. Tanimu ya ce, "Ɗaga sandar, Malam! Sake masa igiya, kada ka riƙe!" Amma dattijon ya riƙe gam, bakin sandar ya sunkuya ƙasa. Tanimu ya ga kifin ya nufi bayan dutse, ya kuwa san in igiya ta gogi dutsen nan tsinkewa za ta yi. Bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Kafin ya ankara sandar tana hannunsa.

Daga nan kam aiki ya koma hannun gwani. Ya juyo da kifin daga dutse, ya gajiyar da shi, ya jawo shi har bakin koma. Kifi ne na gaske, tsawonsa ya kai daga yatsa zuwa kafaɗa. Tanimu ya ɗaga shi yana haki yana murmushi, ya juya ya ce, "Malam, ga kifinka! Zo ka riƙe a ɗauki hoto."

Malam Habila yana tsaye a inda aka bar shi, hannuwansa biyu a sake. Ya dubi kifin ya ce, "Kai, madalla. Ka iya, ɗana. Mayar da shi ruwa."

"Hoton fa, Malam?"

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce, "Me zan ce wa 'yata in ta tambaya? Shekara saba'in da ɗaya ina cin kifin da wani ya kama, kuma na gode Allah. Yau dai na so in ji yadda abin yake." Ba da fushi ya faɗa ba, har ya dafa kafaɗar Tanimu da suka fito gaɓa. Ya naɗe igiyarsa ya ce ya gaji, a kai shi masauki.

Da suka rage su biyu, Tanimu ya tsuguna gaban maigidansa ya ce, "Baba, da na bar shi, da kifin ya tsinke igiya."

Baba Dogara ya ce, "Da ya tsinke."

"To, ai da ya koma gida hannu wofi."

Dattijon ya ce, "Yanzu da me ya koma? Da ka bar shi, da ya ji ƙarfin kifin nan a kafaɗarsa har igiya ta tsinke, ya yi ta ba jikokinsa labari har ƙarshen ransa, kowace shekara kifin na ƙara girma. Kai ka kama tsage ɗari, wannan na ɗari da ɗaya bai ƙara maka kome ba. Shi kuwa guda ɗaya ya zo nema." Sa'an nan ya ce, "Za ka ƙara rani guda."

Abin ya yi wa Tanimu zafi, har ya ji kunyar shiga gida ya gaya wa matarsa. Amma bai yi gardama ba, gama ya ga fuskar Malam Habila sa'ad da ya juyo da kifin, kuma fuskar ta ƙi fita daga ransa. Ya ƙudura cewa in dattijon ya dawo baɗi, zai kai shi gurbin nan, ya tsaya a gefensa ko da za su wuni.

Damina ta zo ta wuce, ruwa ya janye, baƙi suka fara zuwa. Tanimu ya yi ta duban hanya. Wajen tsakiyar rani sai saƙo ya zo daga 'yar Malam Habila, tana gaishe su, ta ce ƙafafun mahaifinta sun ƙi, ba ya iya doguwar tafiya kuma. A ƙarshen wannan rani Baba Dogara ya miƙa wa Tanimu aikin, ya kuwa zama jagora nagari, wanda baƙi suke nema da suna. Amma Malam Habila bai sake shiga kogin ba, kuma wannan ya dami Tanimu har tsufansa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Kogin shi ne rayuwar bangaskiya, baƙon kuwa shi ne duk wanda Allah ya sa a hannunmu domin mu bi da shi: ɗanka, ko 'yar ajinka ta makarantar Lahadi, ko wanda bai daɗe da karɓar Ubangiji ba. Jagoran kuwa mu ne, mu da muka daɗe a ikkilisiya har muka iya kome. Ku lura, Tanimu ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Gwaninta ce ta kayar da shi, da tausayin da ba shi da haƙuri.

Na sha ganin wannan a tsakaninmu, ni ma na yi. A ce wa sabon mai bi ya yi addu'a, ya fara, ya tsaya yana neman kalma. Kafin ya numfasa wani dattijo ya karɓe, ya zuba addu'a mai kyau kamar ana karantawa, kowa ya ce amin da ƙarfi. Addu'a ta yi kyau, amma mutumin nan ba zai sake buɗe baki a taro ba. Haka uwa za ta tambayi ɗanta abin da ya koya, tun bai gama tunani ba ta ba shi amsar. Muna cewa muna gudun kada abu ya lalace ne. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa, in za mu faɗi tsakani da Allah, ba ma iya jure ganin ana yin abin da muka iya a karkace.

Ba a ce jagora ya yi shiru ko ya tafi ya bar mutum ba. In baƙo ya nufi gurbin kada, riƙe shi za ka yi da ƙarfi, ko yana so ko ba ya so. Ka nuna wuri, ka yi magana, ka tsaya kusa. Haka Ubangijinmu yake yi da mu. Wa ya fi shi iyawa? Duk da haka yana barin aikinsa a hannuwanmu masu rawa, yana tsaye a gefe yana ƙarfafa mu, kuma in igiya ta tsinke ba ya korarmu.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne Tanimu ya sami wani rani, amma baƙonsa bai samu ba. Mu masu koyarwa mukan ce za mu gyara a gaba, alhali wanda muka karɓe wa abu daga hannu wataƙila sau ɗaya ke nan ya yi ƙarfin halin gwadawa. Saboda haka ran Lahadi mai zuwa, in wani ya tashi yin addu'a ya kakare a tsakiya, ku sunkuyar da kai ku jira shi. Ko kalma biyar ya iya, nasa ne, kuma Allah ya ji. In ya gama, ku ce amin.